Famau Mai Ayu

A duk kwatar Lamu babu wanda bai san kawuna da sunan Mai Ayu ba. Da farko kirari ne, daga baya ya koma abin tsokana, kuma ni na ga zamanin duka biyun. Shi ya sa har yau in na ji wani ya faɗi sunan yana murmushi sai raina ya ɓaci, ko da kuwa ciniki ya zo yi wurina.

Famau Lali sunansa, wan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. A Kizingitini aka haife su, can tsibirin Pate, inda namijin da bai iya tuƙa jirgi ba ko matar aure sai ya sha wuya kafin ya samu. Gajere ne kakkaura, tafin ƙafarsa kamar faranti, don bai taɓa yarda takalmi ya zauna masa ba. Yana da guda ɗaya na Idi, shi ma a hannu yake riƙe shi har ƙofar masallaci, ya ajiye, in an idar ya ɗauka ya koma gida. Ga gardama kamar ya ci ya bar wa baya. Mahaifiyata ta ce tun suna yara ba ta taɓa jin ya ce wa wani "ka fi ni gaskiya" ba. Ya taɓa kwashe damina guda yana musu da liman a kan shekarun wata rijiya, har sai da liman ya gaji ya sauya hanyar zuwa masallaci.

A garinmu Kizingitini kifi na wanda ya kama ne, amma ayu na gari ne. Haka muka taso muka tarar. Wanda ya ga ayu ba ya ɓoyewa, kwata zai zo ya tsaya ya faɗa kowa ya ji, kuma in aka kamo shi babu gidan da ba za a kai wa nama ba, a fara da gwauraye da tsofaffi. Kitsen kuwa a narka a zuba a kwalabe saboda masu ciwon gwiwa. Ina 'yar shekara bakwai na ga irin wannan rana, kuma har yanzu ina iya jin ƙanshinta. Gari ya cika da hayaƙi, mata na kankare kwakwa suna waƙa, jakuna ma ranar an bar su sun huta. Kawu yana tsaye a bakin ruwa jiƙe sharkaf, mutane na miƙa masa hannu, ni kuma ina bin kowa ina faɗa masa cewa kawuna ne, kamar akwai wanda bai sani ba.

Mashi kowa ya iya jefawa. Abin da ya bambanta shi da saura shi ne sawu. In wata ya tsaya, ko ya cika sha huɗu, ruwa kan janye da hantsi ya bar fili shimfiɗe da ciyawar teku, sai kawu ya sauka ya riƙa takawa a hankali. Ya ce kififiya saman ganye take yankewa ta wuce, amma ayu daga saiwa yake tonowa, ya bar layi mai faɗin tafin hannu yana karkacewa cikin yashi. Da ƙafa yake gane na jiya da na makon jiya, don sabon layi bakinsa da kaifi, tsoho kuwa ruwa ya riga ya lashe shi. In ya samu sabo, sai ya koma jirgi ya jira ruwa ya kawo. Mai tuƙa masa a shekarun nan abokinsa ne Shebwana, dogo siriri mai bakin tsiya. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi karatun allo, kuma tun daga lokacin ba su taɓa zama wuri ɗaya ba tare da sun zagi juna ba.

Ba rana ɗaya ayu ya ɓace ba. Jarife ne ya shigo, tarun nan mai manyan idanu da ake kafa wa manyan kifi a bar shi ya kwana a ruwa. Ayu da iska yake numfashi kamar mu, in ya sarƙe a ciki sai dai a tarar da gawa. Wanda a da ake samu sau uku a shekara ya koma sai an yi shekara uku. Hukuma ta hana farautarsa, amma lokacin kusan babu abin da ya rage a hana. Cinikin mikoko, itacen nan mai tsirowa a bakin teku, da ake lodawa zuwa ƙasar Larabawa shi ma ya mutu, samari suka watse. Kawu da Shebwana suka tattara iyalansu suka dawo Lamu, inda baƙi masu yawon buɗe ido suka fara sauka da jakunkuna a baya da jan fuska. Ni ma bayan rasuwar mijina na biyo su, na kafa tanda a bakin kwata ina toya wainar shinkafa da madarar kwakwa, ina sayar da gahawa mai citta.

Shekarun nan sun yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Da sassafe za ka ji kofaton jakuna a lunguna suna kai yashi da duwatsu, jiragen katako jere a gaban gari, kowa na gyaran zanen jirginsa mai kama iska. Kawu yakan ɗebi baƙi ya haye da su tsibirin Manda, ya bi ta rafin mikoko zuwa kangon Takwa, ya tsayar da su gaban kabarin nan mai doguwar hasumiya ya yi ta zuba tarihi. Rabin abin da yake faɗa daga kakansa ya ji, sauran rabin kuwa Allah kaɗai ya san inda ya samo. Wani ma'aikacin gidan tarihi ya taɓa gyara masa shekarar da mutanen Takwa suka tashi, kawu ya tambaye shi ko yana wurin. Daga can sai tudun yashin Shela, ya gasa musu kifi a kan garwashi, ya nuna musu inda kififiya ke hawa ta yi ƙwai. Amma ko ta ina ya fara, a kan ayu yake ƙarewa. Sai ya kwatanta musu yadda uwar ke tafiya da ɗanta a gadon bayanta, sannan ya rage murya ya ce har yanzu suna nan, shi ya sani.

Nan matsalar ta fito. Baƙo in ka ce masa abu yana nan, sai ya ce kai ni. Kawu ya riƙa kai su, su wuni a rana suna ƙura wa ruwa ido, su dawo fata ta saɓule ba su ga komai ba. Ana cikin haka samarin kwata suka samu jiragen inji, suka kafa ƙungiya, suka tsara layi, kowa da ranar ɗaukar baƙinsa. Shugabansu, wanda na san shi tun yana yawo ba wando, ya kira kawu gefe ya roƙe shi ya daina maganar ayu, don ƙorafi ya yi yawa, kuma masu bincike sun zagaya da jirgin sama ba su ga ko ɗaya ba. Kawu ya ce ai shi ayu ba a sama yake ba. A lokacin kuma yanar ido ta fara rufe masa gani, sai ya ɗaga kai ya karkata kafin ya gane mutum. Ba a daɗe ba suka yi taro suka cire shi daga layi. A wurin taron wani ya ce ba za su bari makaho maƙaryaci ya ɓata musu sana'a ba.

Makantar bai musa ba, abin Allah ne. Kalma ta biyun ce ta hana shi barci. Mutumin da a da in ya tsaya a kwata ya ce ya ga ayu gari ke wasa wuƙaƙe tun kafin a ga komai, yau shi ake kira maƙaryaci a gaban 'ya'yan cikinsa. Ya zo ya zauna a bencina, na zuba masa gahawa ta huce bai taɓa ba. Ya ce mini ba layin yake so ba, ba baƙin yake so ba, sunansa yake so a mayar masa kafin a kai shi makwanci.

Shekara uku ya yi yana fita shi kaɗai duk lokacin da ruwa zai janye sosai. Hanyoyin ruwan nan ba ya bukatar ido a kansu, da iska da ƙarar igiyar ruwa yake bi. Mun yi faɗa, mun yi roƙo, mun haɗa shi da liman, duk a banza. Shebwana kuwa, wanda tuni ya bar wa ɗansa Obo jirgi da taruna ya koma zaman dakali, kullum kawu ya dawo sai ya tare shi da tambayar ina rabonsa na kitse, gwiwarsa na damunsa.

Wata Laraba da yamma ya zo tandata, yashi har gwiwa. Bai ko yi sallama ba.

"Mwanahawa, gobe ba tuya. Ido nake so ki ara mini."

Na ce ya nemi ɗaya daga cikin 'ya'yansa mana, ni ina da ciniki. Ya ce su kunyarsa suke ji, kuma ko sun gani mutane za su ce uba suka rufa wa asiri. Ni kuwa duk kwata an san bakina, ko uwata ba na yi wa kara. Kafin in amsa ya riga ya juya wajen dakali, ya tsaya kamar yadda yake tsayawa a da, ya ce ya taka sabon sawu, gobe kafin magariba kowa ya hallara ya ji daga bakin da ba nasa ba. Shebwana ya ce to a tanadi tukwane, amma ƙanana, kada a wahalar da mata.

Bayan sallar asuba muka saki zane. Wurin da muka je ba zan faɗi sunansa ba, yanzu ma da duk waɗanda abin ya shafa suka riga mu gidan gaskiya. Wani lungu ne bayan mikoko, mashigarsa ƙunci gare ta, jirgin inji ba ya son ta. Da hantsi ruwa ya janye, muka sauka. Ya riƙe gefen mayafina yana jan ƙafa a cikin ciyawa, can ya tsaya ya ce in tsuguna in sa hannu. Layi ne kuwa, yashi fari tas a tsakiyar kore, yana karkacewa ya tafi. Kusa da shi ga wani, ga wani. Na ce masa na gani. Ya ce wannan ba gani ba ne, in koma jirgi in kama bakina.

Zaman da muka yi ranar ban taɓa yin irinsa ba. Rana ta dake ni, ƙishirwa ta dame ni, ina ta lissafin masu zuwa tandata su tarar da ita a rufe. In na motsa sai ya ɗaga mini yatsa. Ruwa ya dawo a hankali ya rufe ciyawar, jirgin ya tashi daga yashi. Wajen la'asar na fara gyangyaɗi, sai na ji ya damƙe mini hannu. Shi ya fara ji. Wani huci ne mai nauyi, irin na tsohon da ya hau bene ya zauna. Na duba inda ya karkata kunne, ban ga komai ba sai da'ira a kan ruwa. Muka jira. Sai ga hanci ya ɓullo, ƙofofi biyu suka buɗe suka rufe, sannan gadon baya mai launin toka ya mirgino, ya fi ƙofar gidanmu tsawo. A jikinsa kuma ga wani ƙarami manne, yana bin duk inda babban ya yi.

Da raɗa na riƙa faɗa masa. Ya tambayi girman ƙaramin, na ce bai kai tsawon hannuna biyu a buɗe ba. Ya ce na bana ne. Ya ce in akwai na bana, to akwai uban a wani wuri. Hawaye na bin fuskarsa yana dariya ba sauti, ni ma ban san lokacin da na fara kuka ba, don rabona da ganin halittar nan tun ranar da na ci namanta. Sun fi sa'a guda suna kiwo a gabanmu kafin su bi zurfi su tafi.

A hanyar dawowa bakinsa bai rufu ba. Ya tsara wanda zai fara kallo in ya tsaya, da abin da zai gaya wa shugaban ƙungiya, da yadda zai sa Shebwana ya maimaita maganar tukwane. Ba mu yi nisa da mashigar ba sai wani abu ya riƙa bugun cikin jirgin, ƙwas ƙwas. Ya tambaye ni mene ne. Na leƙa na ce jarkoki ne a jere a kan igiya, alamar jarife, masu jan fenti. Ya ce jan fenti na Obo ne. Muka ci gaba da tafiya har muka hango fitilun gari ana kunnawa. Sai da muka kusa ya rage zane, jirgin ya lafa.

"Mwanahawa, yau kififiya kika gani."

Na ce ban gane ba. Ya maimaita. Na tashi tsaye har jirgin ya yi tangaɗi, na ce wallahi ba da ni ba, shekara uku ana taka shi a gari, yau Allah ya wanke shi sannan ya ce in ƙara masa ƙasa da bakina.

"Zauna kada ki kifar da mu," ya ce. "In na faɗa a kwata yau, kafin Juma'a kowane taru na garin nan yana bakin mashigar can. Ba wanda zai ce farauta ya je, kowa zai ce tsautsayi ne ya faɗa masa a raga. Za a raba, a kawo miki naki har gida, kuma za ki ci, don haka aka koya mana. Ni na koya wa rabinsu."

Na ce to mu gaya wa ma'aikatan kula da namun daji a asirce. Ya ce ma'aikaci yana da mata, matar tana da maƙwabciya, kuma ko an hana masu taru ba za a hana masu inji su kwaso baƙi su yi ta zagaya uwa da ɗa har su rabu ba. Na ce sunansa fa. Ya ce ya kashe sun fi talatin da hannunsa, yana ganin sunan ya ci abin da zai ci.

Kwata cike take da muka iso, har masu jakuna sun tsaya. Shebwana na gaba, ya harɗe hannu a baya.

"To Mai Ayu, a ɗora tukunya ko a bari?"

Kawu ya ce ga mai idon nan, a tambaye ta. Duk suka juyo kaina. Na san fuskar kowa a wurin, na san uwar kowa. Na ce kififiya ce, babba dai, amma kififiya.

Dariyar da aka yi ba ta mugunta ba ce sosai, kuma wannan ya fi ciwo. Kawu ya jira ta lafa, ya ce, "Kun fi ni gaskiya. Sun ƙare." Ya ɗaure jirginsa, ya laluba bango ya shige lungu.

Shekara huɗu ya ƙara a duniya, bai sake fita ruwa ba. Kullum da hantsi yakan zo dakali ya zauna, kullum kuma Shebwana sai ya tsokane shi. Yau ya tambaye shi ko ayu ya aiko da gaisuwa, gobe ya ce an ga wani a cikin randar masallaci, a kira Famau ya taka sawu. Kawu ya rama da zagin tsawonsa ko na haƙoransa, amma bai ƙara cewa suna nan ba. Ni kuwa na tsani Shebwana tsana mai tsanani. In ya zo sayen waina, ƙonanniya nake zaɓar masa, ya karɓa ya cinye. Sau biyu na kai bakin faɗa a gaban jama'a, sai in ga kawu ya karkato kai wajena, in haɗiye. A watan Maulidi ya rasu, gari cike da baƙi da kiɗan tambura, aka yi masa sallah da mutane masu yawa waɗanda rabinsu ba su san ko wane ne ba.

Bayan sadakar arba'in na koma tanda. Ranar da na buɗe, wajen azahar da kwata ta yi shiru, sai ga Shebwana yana dogara sanda. Ya zauna a bencin, ya ce in zuba masa gahawa. Na zuba na dangwara masa. Ya riƙe kofin bai sha ba, yana kallon ruwa.

"Da ɗa ko babu?"

Na ce ban san abin da yake nufi ba.

"Ke 'yar nan, shekara sittin da wani abu ina gardama da mutumin nan. Ko a kan launin akuya bai taɓa sakar mini ba. Ranar da ya ce mun fi shi gaskiya na san kun gani. Wurin ma na sani, ni na tuƙa shi can muna samari." Ya juya kofin a hannunsa. "Washegari na sa Obo ya kwashe tarunsa. Na ce masa akwai duwatsu a ƙasa masu yaga raga, na bi sauran ma na faɗa musu haka. Har yau ba mai kafawa a can."

Na zauna a kan buhun gawayi. Na tambaye shi, in ya sani, don me ya yi shekara huɗu yana yi masa dariya a bainar jama'a.

"In na daina, gari zai tambayi dalili."

Na ce to shi kawu ya san ya sani? Ya girgiza kai. Ya ce sau da yawa ya so ya faɗa masa, amma dakali ba ya rabuwa da mutane, gidan Famau kuma cike da surukai, yana ta cewa sai gobe har goben ta ƙare. Ya sa hannun riga ya goge fuska.

"Da ɗa," na ce. "Na shekarar ne. A bayanta yake tafiya."

Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. Na karɓi kofin na zubar da wadda ta huce na zuba masa mai zafi, sannan na buɗe kwano na zaɓo masa waina biyu daga masu kyau.